Rigar Wayar Mama

Auta na riƙe da hannun wani dattijo tana laluben jijiya lokacin da wayarta ta fara kaɗawa a aljihun farar rigarta. Ba ta duba ba. Ta soka allurar, jini ya hau sirinji, ta danna auduga ta ce masa ya lanƙwashe hannun. Sai da ta rubuta lamba a jikin kwalbar, ta jera ta cikin 'yan uwanta, ta zare safar hannu, sannan ta ciro wayar. A fuskarta an rubuta "Mama".

Mama kuwa yau watanta biyu da kwana huɗu a ƙasa.

Ta shige ɗan ɗakin baya inda firij biyu na ajiyar jini ke gurnani, ta tura ƙofa, ta ɗaga. Ta daina yin sallama tun kira na uku. Ta manna wayar a kunne kawai. Da farko shiru. Can sai ta fara rarrabewa: ƙas, ƙas, ƙas, agogon bangon falonsu ne, wanda ke ɗan ɗingishi idan ya zo kan shida. Bayansa ga ɗigar famfo cikin bokiti. Sai kuma wani abu mai taushi da ke zuwa yana komawa, wanda idan mutum ya so zai ce labule ne, idan kuma bai so ba zai ce numfashi ne. Ita ta kulle gidan da hannunta da safe, makullin yana cikin jakarta. Wayar Mama kuma ta bar ta a kan teburin falo, a kashe.

Ta tsaya tana sauraron gidanta babu kowa a ciki har kiran ya yanke da kansa. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Amma duk da haka ba ta taɓa iya katse kiran da hannunta ba.

Ita Mama ba ta rubutu a waya. Magana take yi. Ta danna ta riƙe ta yi ta zuba, a taho da ashana, an ɗauke ruwa, wance ta haihu, wane ya yi mata kallon banza a layin magani. Auta takan saurari rabi ta goge, don wai wayarta ta cika. Saboda haka duk abin da ya rage na muryar Mama a duniya yana cikin waccan 'yar tsohuwar wayar mai tsagaggen gefe. Sati uku da suka wuce ta kuɓuce wa Auta a kan matakala, ta yi tsalle uku kafin ta tsaya. Ba ta mutu ba, amma Auta ta kusa. Washegari ta kai ta kasuwar waya ta ce a ba ta rigar da ta fi kowace kauri, aka sa mata wata baƙa mai kusurwoyin roba kamar tayar mota. Ta dawo gida hankalinta kwance. Bayan kwana biyu Mama ta fara kira.

Wayar ta sake kaɗawa a hannunta, har ta zabura. Wannan karon Yaya ne, babban wanta.

"Ta kira?" ya ce, ko gaisuwa babu.

"A'a."

"Auta."

"Sau ɗaya."

Ya ja numfashi. Shi ma ya gani da idonsa ranar da ya zo da matarsa. Suna zaune ana hira, wayar tana kan tebur a kashe, ba wanda ya taɓa ta, sai fuskarta ta kawo haske. Minti ɗaya bayan haka wayar Auta ta ɗauki kuka. Matar Yaya ta fita da takalmi ƙafa ɗaya, har yau ɗayan yana bayan ƙofa, ta ce a riƙe.

"Ƙarfe biyar ina nan tafe," in ji Yaya. "Zan cire layin in karya shi, a goge komai na ciki, a bayar da ita. Kin rame, ba kya cin abinci, kina zaune kina jiran matacciya ta kira ki. Ba zan zuba ido ba."

"Yaya, muryarta fa tana ciki."

"Muryarta tana kunnenmu. Ƙarfe biyar."

Yaya ba mugu ba ne. Mutum ne dai da idan abu ya ba shi tsoro sai ya koma ba da umarni. Auta ta dubi agogo, sha ɗaya da rabi. Ta daɗe tana niyyar kwashe saƙonnin muryar Mama zuwa wani wuri, amma tun da wayar ta fara wannan hali ba ta iya riƙe ta minti biyu a hannu. Ta je wajen shugabar ɗakin gwajin ta ce kanta ke ciwo. Shugabar ta dube ta ta saman gilashi, ta ce ai kan nan ya daɗe yana ciwo, ta tafi.

Rana tsaka ta isa gida. Ta daɗe a bakin ƙofa da makulli a hannu tana kasa kunne. Da ta buɗe, komai yana inda ta bar shi: kujerar Mama da matashinta da ya lotsa, agogo, labule a tsaye ƙyam ko motsi ba ya yi, don tagar a rufe take. Wannan ya fi komai damunta. Wayar tana kan tebur a kunne, fuskarta na haske a cikin duhun falon. Auta ta ɗauke ta da gefen mayafi kamar mai sauke tukunya, ta jefa a jaka, ta fito ba ta waiwaya ba.

A cikin bas an matse ta tsakanin wata mai buhun gawayi da wani mai barci. Suna hawa gada, jakar tana kan cinyarta, hannuwanta biyu a kanta, sai wayarta ta fara kaɗawa. Ta ciro. Mama.

Mai gawayin ta leƙo, irin mutanen nan da ba a gayyatarsu. "Ɗauki mana, 'yata. Uwa ce fa. Wata rana za ki nema ki rasa."

Auta ta kife wayar a kan jaka ta juya fuska ga taga. Tana ji tana kaɗawa a ƙarƙashin tafinta har ta gaji.

Kasuwar waya layi ne mai tsawo da aka rufe samansa da kwano, rumfa na jingine da rumfa, kowace da lasifikarta. Rigunan waya suna rataye daga sama har ƙasa cikin ledoji, masu ƙyalli, masu kunnen zomo, masu hoton 'yan ƙwallo, dubbai, duk babu komai a cikinsu, suna juyawa a hankali idan fanka ta bi ta kansu. Wanda ya sayar mata da rigar wani dogo ne da kowa ke kira Injiniya, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Ta same shi yana aikin da ya fi so. Ya sa wata matacciyar waya cikin riga, ya ɗaga ta sama da kansa a gaban mutum uku, ya saki. Ta daki siminti ta yi tsalle. A daidai wurin har simintin ya yi ɗan rami saboda shekarun da ya yi yana wannan wasa.

"Kun gani? Ko daga bene ne. Kusurwa ce ke kashe waya, ba baya ba. Duk rigar da ba ta da nama a kusurwa, ado ce kawai." Ya hango Auta. "Hajiya, sannu da zuwa. Gilashi ko riga?"

"Saƙonnin murya nake so ka kwashe mini daga wannan. Duka. Kafin ƙarfe huɗu."

"Ƙaramin aiki."

Ya karɓa, ya jawo igiya daga kwamfutarsa, ya kai bakinta gindin wayar. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya sake gwadawa, ta shiga a karkace ta fito. Ya ɗaga wayar saitin fitila ya runtse ido ɗaya.

"Wane mara tsoron Allah ne ya sa miki wannan rigar?"

"Kai."

Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Injiniya bai ko kalle shi ba. Ya ci gaba da juya wayar, yana bin gefenta da babban yatsa, fuskarsa tana sauyawa a hankali.

"Ramin caja ya kauce. Na kyamara ma ya ɗan ci gefe." Ya ɗago ya dube ta. "Na tuna. Ke ce mai kuka. Kika ce wadda ta fi kauri, ko nawa ce."

"Ni ce."

"To, Hajiya, gaskiya ɗaya ce. Wannan wayar tsohon yayi ce, rigarta ta ƙare a kasuwa. Wannan ta ƙanwarta ce, wadda ta fito bayanta da shekara. Ido ba zai raba su ba, amma waccan ta fi wannan siranta da kamar kaurin farce. Sai na hura mata na'urar busar da gashi ta yi laushi, na tura ta. Haka muke yi, kowa a layin nan haka yake yi."

"Ban da ni," in ji mai caja.

"Kai da ba ka sayar da riga?"

Ya ajiye wayar a kan gilashin teburinsa don ya nemo abin ɓamɓarewa. Hannunsa bai kai ga akwatin kayan aikinsa ba sai fuskarta ta kawo haske. Su uku suka zuba mata ido. Ba mai taɓa ta. Wasu lambobi suka fito suna ƙirgawa baya, uku, biyu, ɗaya. Wayar Auta ta fara kaɗawa a hannunta, ta juyo da fuskar ta nuna musu.

"Ina mai wayar?" Injiniya ya tambaya a hankali.

"Ta rasu."

Mai caja ya daina dariya. Ya ja kujerarsa baya, ya tuna yana da abin yi a can ƙarshen layi. Injiniya kansa sai da ya karanta abin da ya karanta a cikin ransa, leɓɓansa na motsi. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wayar, ya sa farce a kusurwa, ya yi ta fama. Robar ta kama ta kamar ba za ta saki ba. Da ƙyar ta fita da wata 'yar ƙara, wayar ta fito tsirara, siririya, duk ta ƙanƙance. Ya juya rigar ya nuna mata cikinta.

"Kalli nan. Kin ga wannan ɗan tudun? Shi ne ya kamata ya zauna a kan maɓallin kunnawa, ya jira yatsa. Amma da yake ba rigarta ba ce, ya hau kansa ya zauna. Maɓallin kullum a rabin danne yake. Roba kuma ba ta zama wuri ɗaya, zafi ta saki, sanyi ta matse. Ko babbar mota ce ta wuce tebur ya girgiza, ya isa. In wayar a kashe take, ta kunnu. In a kunne take aka riƙe maɓallin ya daɗe, sai ta ɗauka mai ita na cikin hatsari, ta kira lambar gaggawa."

Ya danna maɓallin da yatsa ya riƙe. Uku, biyu, ɗaya. Mama. Ya saki, ya katse.

"Roba ce, Hajiya. Wallahi roba ce. Laifina ne, ki yafe ni."

Auta ta nemi benci ta zauna. Ta zaci idan ta ji irin wannan bayani za ta ji sanyi a ranta. Abin da ta ji kuwa kamar an kwashe kayan ɗaki an bar ta a tsakiya.

"To me ya sa ni?" ta ce. "Me ya sa ba ta kiran kowa sai ni?"

"Ai ba ta zaɓe. Lambar da aka sa mata take kira." Ya shiga cikin wayar yana latsawa, ya juyo mata da ita. "Ga ta. Guda ɗaya ce. Kuma wannan ba ya sa kansa, sai mutum ya zauna ya ce ga wanda za a kira mini idan na faɗi. Tsofaffi suna zuwa mu sa musu. Mukan ce in jiri ya ɗebe ki, Baba, kar ki tsaya neman suna, ki matse nan kawai."

Auta ta karanta lambarta, da sunan da Mama ta sa aka rubuta: Autata.

Ita a saninta, komai na Mama Yaya ne. Shi ake kira idan fitila ta lalace, shi ake kira idan za a je asibiti. Ita kuwa kullum faɗa ne, ke wayarki ado ce, ba a taɓa samunki. Ranar da Mama ta faɗi a ƙofar banɗaki, Auta tana kan aiki, wayar na aljihu, hannunta cikin safa. Da ta duba bayan awa ɗaya ta ga kira huɗu. Maƙwabciya ce ta tsinci Mama, wayar tana damƙe a hannunta. Wata biyu Auta tana gaya wa kanta cewa ai da abin ya yi tsanani Yaya za ta kira, waɗancan huɗun ƙila ashana ce. Yanzu ta san Mama ba ta nemi suna ba. Ta matse inda aka nuna mata, sau huɗu.

Ta yi kuka a nan kan benci, a tsakiyar kasuwa, ba ta rufe fuska ba. Injiniya ya rasa inda zai sa kansa. Ya jona igiyar, wadda yanzu ta shige salin alin, ya kwashe saƙonnin ya zuba mata a wayarta. Sannan ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwali da ƙura ta rufe, ya yi ta tono har gumi ya jiƙa masa riga. Daga can ƙasa ya zaro wata riga ruwan toka, ledarta ta yi rawaya don tsufa.

"Ashe akwai saura ɗaya. Da na duba ran nan da duk haka ba ta faru ba."

Ya sa kusurwa biyu na sama, ya danna na ƙasa, ta shige da 'yar ƙara ɗaya. Ramin caja a kan caja, na kyamara a kan kyamara. Ya danna kowane maɓalli, kowanne ya shiga ya dawo. Daɗin aikinsa ya kwashe shi, ya miƙe tsaye, hannunsa ya tafi sama da kansa yadda ya saba.

"Yanzu ko daga..."

"Kai!"

Ihun da ta yi sai da rabin layin ya waiwayo. Injiniya ya tsaya da hannu a sama, ya dubi abin da ke hannun, ya sauko da shi a hankali da hannu biyu ya miƙa mata.

"Sabo ne, Hajiya. Amma da ba abin da zai same ta."

Ya ɗauki baƙar rigar zai jefa a kwandon shara. Auta ta miƙa hannu.

"Ba ni."

"Me za ki yi da ita? Ba ta da amfani."

"Tawa ce."

Yaya ya zo biyar saura minti biyar, da 'yar allurar cire layi a aljihun gaba. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta danna maɓallin a gabansa ya ga ƙirgen, ya ji kiran. Bai yarda nan da nan ba. Ya ce a ajiye ta a kan tebur a gani. Suka zauna su biyu suna gadin waya kamar masu jinya, ya sha ruwa kofi biyu, wata babbar mota ta wuce har tagogi suka yi ƙara. Wayar ba ta motsa ba. Da awa ta cika ya saki wata dariya mai haɗe da ajiyar zuciya.

"Roba! Mu da girmanmu, roba ta hana mu barci. Bari in je in gaya wa waccan ta zo ta ɗauki takalminta."

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya yana juya makullin motarsa, bai dube ta ba.

"Lamba ɗaya ce a ciki, kika ce?"

"Ɗaya ce, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "Riƙe ta. Taki ce." Ya sauka matakala a hankali, ba irin saukarsa ba.

Auta ta rufe ƙofa. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya kwanta ja a kan kujerar Mama. Wayar tana kan tebur cikin sabuwar rigarta, ta zauna mata ɗas, ba abin da zai same ta ko ta faɗo daga ina. Auta ta zauna tana kallonta. Minti goma, minti ashirin. Ba ta taɓa sanin gidan nan yana da shiru irin wannan ba, kuma ta gane haka zai kasance gobe, da jibi, da duk sauran kwanakin.

Ta tashi ta ɗora ruwa a wuta. Da ya yi zafi ta juye a kwano, ta ciro baƙar rigar daga jaka ta tsoma, ta jira ta yi laushi, ta tsane ta da tawul sosai. Ta cire wa wayar Mama sabuwar rigar, wadda ta fita ba gardama. Baƙar kuwa sai da ta sa ƙarfi kafin ta shiga, kusurwa bayan kusurwa, har farcenta ya karye. Ta ajiye wayar a tsakiyar tebur, ta koma kujerarta, ta ɗora tata a kan cinya.

Robar ta ɗauki lokaci kafin ta huce. Sannan fuskar wayar ta kawo haske, lambobin suka ƙirga, tata ta kaɗa. Ba ta bari ta yi na biyu ba.

"Na'am, Mama," ta ce. "Ina nan."

Wayar da ke kan tebur ta ɗauki maganar daga cikin ɗakin ta dawo mata da ita a kunne, a ɗan makare, a dushe, da muryar da ta fi tata tsufa.

"Ina nan."